Dutsen Kwali da Gishirin Foga

Wasu makarantu sukan sa rana guda a shekara don baje kolin kimiyya. Ran nan akan jera tebura a inuwa, kowane ɗalibi ya aza aikinsa, ya tsaya kusa da shi. Iyaye su zo kallo. Malamai su bi tebur-tebur suna dubawa, daga ƙarshe su faɗi wanda ya ci. Al'ada ce mai kyau, ya kamata ta yaɗu. Sai dai akwai kuskure guda da ke ɓata ta tun ba a je ko'ina ba. Yara da yawa, har da manya, suna tsammani aikin kimiyya shi ne ƙera abu mai kyan gani.

A ce ga tebur biyu a wata makaranta ta garin Gaya. Bisa na farko akwai dutse mai aman wuta. Da kwali aka yi shi, an shafa masa fenti baƙi da ja. Sai da aka ƙetare gada aka sayo fentin a kasuwar Malanbil, wan yaron da ke kwaleji kuwa shi ya yi rabin aikin. In yaron ya zuba garin kanwa a ramin dutsen, ya matsa lemun tsami, sai kumfa ta taso ta malalo. Yara su yi ta sowa. Bisa tebur na biyu babu komai sai faranti shida, kowane da ɗan gishiri mai ƙasa-ƙasa a ciki, da sikeli na kara da zare, da wani littafin rubutu wanda ya sha hannu. Wata yarinya ce ke tsaye wurin. Mutane ba su cika tsayawa ba.

Kyautar ta yarinyar ce, ko da duk taron yana wajen dutse.

In aka tambayi mai dutse abin da ya gano, ba shi da amsa. Tun kafin ya fara ya san kumfa za ta fito, don a littafi ya gani. Abin da ya nuna ma ba shi ne ke faruwa cikin dutsen gaske ba. Dutsen gaske narkakken dutse yake fitarwa, wanda zafin cikin ƙasa ya narkar. Kumfar kanwa da tsami kuwa wata iska ce ke fita in sun haɗu. Ya yi wasa mai ban sha'awa, amma bai tambayi komai ba, bai auna komai ba.

Ita yarinyar da tambaya ta fara, kuma ba ta je nesa nemanta ba.

Arewa da Gaya akwai wani dogon kwari da ake kira Dallol Foga. Dallol kalmar Fillanci ce, ana nufin kwari. Can da daɗewa ruwa ya gudana cikinsa, yanzu ya janye ya koma ƙarƙashin ƙasa, amma ba shi da zurfi. A wurare da yawa ruwan nan zartsi ne. Da rani sai a ga ƙasar kwarin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Mutanen wajen Bana da Kawara Debe sun gaji sana'ar gishiri kaka da kakanni. Sukan kankaro ƙasar nan, su zuba ta cikin matata, su kwarara ruwa a kai. Ruwan ya ratsa ƙasar, ya narkar da gishirin da ke ciki, ya tsiyaye a ƙasan matatar. Sa'an nan a dafa shi bisa wuta har ya ƙone, gishiri ya saura. A shekarar 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa kwarin nan kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi. Ya tarar ana wannan aiki, ya rubuta yadda ake yi. Abin da ya gani bai yi nisa da abin da ake gani yau ba. A zamanin da, fatake har ƙasar Kabi da Borgu da Nupe suke kai gishirin Foga.

To, yarinyar ta lura masu gishiri ƙasar sama kawai suke kankarewa, ba sa haƙa rami. Ta je wurin wata tsohuwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, don me ba ku ɗibar ta ƙasa?" Tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, ai ta sama ce mai gishiri." Yaro mai gaggawa daga nan zai rubuta amsa ya rufe littafi. Ita kuwa sai wata tambaya ta zo mata: ta sama ta fi ta ƙasa da nawa? Ninki biyu ne, ko goma, ko kuwa tazarar kaɗan ce? Wannan ita ce irin tambayar da ake so. Ƙarama ce, tana da iyaka, ana iya amsa ta da hannu da ido, kuma ba wanda zai ce ya san adadin sai ya auna.

Ba kowace tambaya mai daɗi ce ke zama aikin ɗan firamare ba. Ga misali. Kogin Isa, wanda mutanen Nijeriya ke kira Kwara, yakan cika a Gaya sau biyu. Na farko da damina, wannan kowa ya san dalili. Na biyu cikin sanyi, wajen watan Janairu da Fabrairu, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Dalili shi ne ruwan daminar duwatsun ƙasar Gine ne, ya biyo ta Mali, ya bazu cikin fadamun Masina, ya yi watanni kafin ya iso. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, amma yaro ba ya iya gwada ta bisa tebur, kuma ba a aiken yaro bakin kogi shi kaɗai ya kafa sanda kowace safiya. Irin wannan sai a bar ta ga darasin labarin ƙasa.

Bayan tambaya sai lissafin lokaci. Nan ne yawancin ayyuka ke mutuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma kowace shekara sai an sami masu fafewa. Dabara ita ce a ƙirga daga ranar baje koli a komo baya. In saura mako shida, na farko na tambaya ne da neman izinin iyaye da tara kaya. Uku na tsakiya na gwaji. Na biyar na rubutu da zane. Na shida kuwa a bar shi fanko, kada a sa masa komai. Wani zai ce ɓarnar lokaci ce. Wanda ya taɓa shanya ruwan gishiri a gidan da ke da akuya ba zai ce haka ba. Akuya na son gishiri kamar me. Rana ɗaya aka manta ƙofa, aikin kwana huɗu ya tafi. Ga iska mai ƙura, ga ƙanne masu taɓe-taɓe, ga zazzaɓi da ba ya sallama.

Akwai kuma lissafin shekara, wanda ɗan Gaya ya fi littafi saninsa. Aikin gishiri na rani ne. Da ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu, farin nan na bisa ƙasa ya narke ya nutse, sai wata shekara. Wanda kuma ke son auna ruwan sama, aikinsa ya faɗa cikin babban hutu. Dole ya shirya gwangwaninsa da ma'auninsa tun kafin a rufe makaranta, ya yi ta rubutawa har Oktoba. Aiki ne mai kyau, gama Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a duk Nijar, kusan milimita 800 a shekara, alhali Agadas ba ta kai 200 ba. Milimita guda kuwa daidai take da lita guda bisa fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Amma yaron da ya tuna da wannan aiki a watan Janairu sai ya haƙura.

Sai gwajin kansa. Kafin ta taɓa ƙasa, yarinyar ta rubuta zatonta a shafi na farko, ta sa kwanan wata. Ta ce tana zato ta sama za ta ninka ta ƙasa sau biyu. Dalilin rubuta zato tun da wuri shi ne mutum yakan manta abin da ya yi tsammani in ya ga sakamako, ya ce ai dama ya sani.

Doka guda ce ke riƙe da gwaji: abu ɗaya kaɗai ake sakewa, sauran duka a bar su daidai. Abin da take sakewa shi ne zurfin ƙasa. Don haka wuri ɗaya ta ɗebo, rana ɗaya: ta sama wadda aka kankare, da ta ƙasa mai zurfin taƙi guda. Gwangwanin tumatir ɗaya ta auna su da shi, ta shafe bakinsa da kara don kada wani ya yi tozo. Kowane awo ta zuba masa ruwa lita guda, daga rijiya ɗaya. Ta motsa sau hamsin hamsin, ta bari ya kwanta, ta tace da ƙyalle iri ɗaya. Farantan ma girmansu ɗaya, wuri ɗaya ta jera su a rana, ta rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙura. Da ta ɗebo ta sama daga Bana, ta ƙasa kuwa daga bayan gidansu, da aikin ya lalace, don ba wanda zai san ko zurfi ne ya kawo bambanci ko wuri.

Kuma sau uku ta yi kowanne, shi ya sa faranti shida. Sau ɗaya yana iya zama sa'a, yana iya zama kuskure. In uku suka yi kusa da juna, hankali ya kwanta.

Masu cewa makarantun karkara ba su da kayan kimiyya suna da gaskiya, amma ba duka ba. Sikelin yarinyar kara ne miƙaƙƙe, an ɗaure shi da zare a tsakiya, an rataya murfin gwangwani biyu masu nauyi ɗaya a gefe da gefe. Gishiri a wannan, marafan kwalbar lemo a wancan, har karan ya daidaita. Ba ta san gram nawa ba ne, amma ta san wannan faranti murfi kaza ne, wancan murfi kaza. Abin da awo ke bukata shi ne ma'aunin da ba ya sakewa. Mai awon hatsi a kasuwa ya daɗe da sanin haka, tiya ɗaya yake auna wa kowa.

In ruwan ya ƙafe, dalilin abin ma sai ya fito fili cikin farantin. Rana ruwa take ɗauka, ba ta ɗaukar gishiri. Haka ke faruwa cikin kwari. Ruwan zartsi yana hawowa ta ƴan ƙananan kafofin ƙasa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. In ya iso sama rana ta shanye shi, gishirin ya tsaya nan. Kullum haka, har fuskar ƙasa ta yi fari. Lita guda ta ruwa tana iya narkar da gishiri wajen gram 360, daga nan ta ƙoshi, ko an ƙara ba ya narkewa. Ruwan teku da ake jin labarinsa gram 35 kawai ke cikin litarsa.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane wuya. A ce faranti biyu na ƙasar sama sun ba da nauyi kusan ɗaya, na uku kuwa ya zo da rabin haka. Ko kuma a ce duk sakamakon ya ƙaryata zaton da aka rubuta a shafi na farko. Magogi na kusa, ba kowa a ɗakin. Shafe lamba guda ba ya ɗaukar minti ɗaya, teburin lissafi ya yi kyau, malam ya ji daɗi. Yara da yawa sukan shafe, ba don mugunta ba, sai don sun saba duk abin da bai yi daidai da littafi ba jan alƙalami ne. Wajibi ne malami ya faɗa musu tun ranar farko cewa nan ba haka ba ne. Zato in ya faɗi, aiki bai faɗi ba. An gano wani abu ke nan da ba a sani ba. Lambar da ta bauɗe a rubuta ta yadda ta zo, a rubuta a gefenta abin da ake tsammani ya jawo: ko ruwan ya zube wajen tacewa, ko iska ta kwashe wani abu. In da lokaci a sake, ga amfanin makon nan na shida.

Maganar ta wuce ta kyautar makaranta. Yaron da ke tsaye bayan tebur yau, shi ne gobe zai auna wa jariri magani, ko ya karanta ma'aunin ruwan sama wanda manoma ke jira, ko ya lissafa simintin gada. Gadojin nan biyu da suka haɗa Gaya da Malanbil, ta 1958 da wadda aka gina a 1988 zuwa 1989, sun iya ɗaukar manyan motoci ne don wasu sun auna, sun rubuta abin da suka gani. In yaro ya koyi gyara lamba yana ɗan shekara goma, aka kuma tafa masa, da wuya ya bari.

Saboda haka littafin rubutun nan da ya sha hannu ya fi komai daraja bisa teburin. Kowace rana da kwanan watanta, da abin da aka yi, da abin da ya ɓaci. Kada a sake kwafe shi a sabon littafi don ya yi tsabta. Tabon ruwan gishiri da ke jikinsa shaida ne.

Taimakon manya fa? Yana da wurinsa. Uba ya raka ɗiya kwari. Uwa ta tsaya kusa in za a hura wuta, don ba a barin yaro da tafasasshen ruwa. Wa ya ara mata wuƙa, ya nuna mata yadda ake ɗaurin zare. Amma hannun da ya auna ya zama nata, rubutun ma nata. Gidan da ya yi wa yaro aiki duka ya cuce shi, ya kuma cuci ɗan maƙwabci wanda ba shi da wa a kwaleji, ba shi da kuɗin fenti.

Wani zai ce wannan duk ƙaramin abu ne, gishiri da gwangwani ba su kai a kira su kimiyya ba. Sai a ba shi labarin Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa ta Nijeriya, wanda ya tashi gidan magina tukwane. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, don randa tana tsattsafo, iska na busar da jikinta, zafi na tafiya tare da ruwan. Shi bai tsaya ga sani ba. Cikin shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya yi ta gwadawa. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex, sunansa ya zaga duniya. Ko nan ma akwai aiki ga ɗan Gaya. Tukunyar nan busasshiyar iska take so. Shin bakin kogi, ko cikin damina, tana sanyaya kaya kamar yadda take yi da hunturu? Tukwane biyu da tumatir ashirin sun isa a fara.

Ba a ce a ƙi kyau ba. Allon bayani ya zama mai tsabta, rubutu manya-manya, zane a fili: ga tambaya, ga zato, ga yadda aka yi, ga abin da aka samu. Ɗalibin aji mai harshe biyu yana da wata riba a nan. Masu sanin gishiri da kifi da giginya ba da Faransanci suke magana ba, da Hausa ne, ko Dandanci, ko Zabarmanci, ko Fillanci. Shi yana iya jin maganarsu, ya rubuta ta yadda suka faɗa, sa'an nan ya juya ta Faransanci a ɗaya gefen allo. Haddace dogayen kalmomi na iya ɓoye rashin fahimta. Amma in kaka ta tsaya gaban tebur ta ce, "Jikalle, me ke nan?" babu wurin ɓuya. Wanda ya iya yi mata bayani har ta gyaɗa kai, shi ya gane aikinsa.

Malamai masu hukunci su ma da nasu. In suka bi sowar taro, baɗi duk tebura duwatsun kwali za su cika su. Kamata ya yi su buɗe littafin kowane yaro, su tambaye shi me ya so ya sani, sau nawa ya gwada, me ya ɓaci, da me zai yi in an ƙara masa wata guda.

Yarinyar gishiri tana da amsar wannan ta ƙarshe. Dafa ruwan zartsi yana cin itace da yawa, itace kuwa ƙara nisa yake yi, matan kwari sun fi kowa sani. A Bilma da Tagidda, can arewacin Nijar, ba a hura wuta, rana ce ke ƙafar da ruwan cikin ƙananan ramuka. Ita ma da rana ta yi nata. Abin da take so ta auna nan gaba shi ne kwana nawa lita goma za ta yi kafin ta ƙafe a ranar watan Maris, da ɗaurin itace nawa za a huta saye, da kuma ko gishirin rana zai yi ɗanɗanon da masu saye suka saba da shi. Ta riga ta rubuta zatonta a sabon shafi, ta sa kwanan wata.